Shaguna a Filin Makarantarmu

Ba da son raina na bar Kambarawa ba. Gidan haya muke ciki, ɗaki biyu da falo da ɗan tsakar gida, amma a nan aka haifi 'ya'yana ukku, kuma makarantarsu tana bayan layinmu. Da safe matata takan leƙa daga zaure har ta ga babbar ɗiyarmu ta sha kwana riƙe da hannun ƙannenta, sannan ta koma kan keken ɗinkinta. Ni kuma in hau mashin, kafin shayin da na sha ya kwanta mani na isa ofis. Ban san ina cikin daula ba sai da ta kuɓuce mani.

Wata rana mai gidan ya aiko in same shi bayan La'asar. Dattijo ne mai kawaici. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Yaron nan nawa zai yi aure bayan Babbar Salla, ba ni kuma da inda zan sa shi sai gidan da kake ciki. Ban ce ka tashi gobe ba, amma ka fara dubawa." Ban ga laifinshi ba a ranar, ban gani ba har yau. Gidanshi ne, ɗanshi ne. Wanda nake fushi da shi daban ne.

Da na gaya ma matata, sai ta ce, "Malam, ni ban ce sai gida mai tayil ba. Ko ɗaki ɗaya ne zan zauna. Abu ɗaya nake roƙo: ka samo mamu inda yaran nan za su tafi makaranta da ƙafarsu, in riƙa jin ƙararrawar tashinsu ina tsakar gida."

Na ɗauka roƙon mai sauƙi ne. Na shiga yawo da dillalai, kowane da kuɗin mai a bakinshi kafin ya nuna maka ko ƙofa. Gidan da ke kusa da makaranta hayarshi ta fi ƙarfin albashina. Wanda albashina zai iya, ko dai yana cikin lungun da mashin ba ya wucewa, ko kwata ta yi mashi ƙawanya. Wani dillali ya ja ni har GRA, ashe ɗakunan yaran gida ne a bayan wani katafaren gida. Wurin tsaf, ga inuwa, ga ruwa. Muna fitowa sai ya rage murya ya ce, "Sai dai fa Alhaji ba ya son hayaniyar yara."

Na ce, "To nawa ukku in kai su jingina, ko in sa masu takunkumi?"

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Ana cikin haka abokina ya zo. Tun muna firamare muke tare, benci ɗaya muke zama, kwano ɗaya muke ci. Shi ya shiga kasuwa, yana sayar da kayan gini, Allah Ya buɗa mashi har ya sauke farali. Duniya na ce mashi Alhaji, ni dai mutumina nake ce mashi. Ya riga ya gina gida a wani sabon yanka a hanyar Batagarawa, inda dā gonaki ne. Ya ce, "Kai, har yaushe za ka riƙa gina ma wasu gida da albashinka? Zo ka ga wuri. Fuloti can bai kai hayar da dillalan nan ke yanka maka ba in ka tara ta 'yan shekaru."

Na ce, "Nisa fa? Makarantar yara fa?"

Ya ce, "Kai dai zo."

Ranar Asabar muka je. Muka sauka daga kwalta muka bi wata hanyar ƙasa. Gidaje jefi-jefi, wasu an rufa kwano, wasu sun tsaya a linta, tsakaninsu kututturen karan gero. Iska mai daɗi, ba ƙarar komai sai ta awaki. A tsakiyar yankan akwai wani fili mai faɗi da tsamiya a kusurwarshi, ya fuskanci babbar hanyar da ta ratsa unguwar. Abokina ya tsaya ya buɗe hannuwa.

"Ka ga nan? Filin makaranta ne. Tsohon da ke da gonar shi ya ware shi kafin ya rasu, ya ce ko an sayar da komai kada a taɓa nan."

Ya aika aka kirawo babban ɗan marigayin. Mutumin ya zo, muka yi doguwar gaisuwa, ya dafa ƙirji ya ce, "Haka Baba ya ce, Allah Ya jiƙan shi. Mu kuma ba mu isa mu ƙetare maganarshi ba." Na tambayi ko akwai wani abu a rubuce. Suka dubi juna suka yi murmushi. Abokina ya ce, "Awon igiya ne, mutumina, ba awon gwamnati ba. Amma ga ni, ga ka, ga ɗan mai gona. Wace takarda ta fi wannan?"

Mako na gaba na kawo matata. Ba ta dubi fulotin da za mu saya sosai ba. Ta tsaya a kanshi ta hangi tsamiyar, ta taka har can ta dawo, ta sake hangawa. Sai ta ce ma abokina, "Alhaji, tsakani da Allah, za a yi makarantar nan?"

Ya ce, "Hajiya, in ba a yi ba ki kama ni. Ni ma ai ina da yara."

A kan wannan magana ta sayar da gonar da ta gada a ƙauyensu, da 'yan kunnenta na aure. Ni na ci rancen ƙungiyar ma'aikata. Muka tayar da ɗaki ukku, muka rufa, muka tare ba filasta, ba wuta, ruwa sai 'yan kura sun ga dama. Duk wannan bai dame mu ba. Gidanmu ne. Matata ta ware ɗaki guda ta ce na yara ne, ta ɗinka mashi labule da hannunta.

Abin da ya dame mu hanya ce. Makarantar gwamnati mafi kusa sai an tsallaka kwaltar da manyan motoci ke gudu a kai kamar an koro su, kuma ta yi ma ƙananan yara nisa. Akwai wata ta kuɗi a wani gidan haya, malamanta ba sa kai zango biyu, kuɗinta kuma ba na irina ba ne. Muka ce yaran su ci gaba da tsohuwar makarantarsu kafin tamu ta tashi. Ma'ana kullum in ratsa Katsina daga wannan baki zuwa wancan da yara ukku a kan mashin: autan a kan tanki, na tsakiya a bayana, babbar a ƙarshe ta rungume jakunkuna. In sauke su, in juyo ofis a makare, maigidana na duban agogo yana duban fuskata. Da rana in saci jiki in ɗauko su in kai su gidan mahaifiyata a cikin gari, in koma aiki, in an tashi in kwaso su mu kama hanya. Yaran da dā suke tashi su yi wanka a natse su karya, suka koma ana tashinsu suna layi, suna cin ƙosai a kan mashin.

Damina ta zo, hanyar ƙasar nan ta koma taɓo. Wata safiya tayar baya ta zame, muka kife gaba ɗaya. Ni da ƙananan muka faɗa cikin laka, ba abin da ya same mu. Babbar ce mashin ya danne ma ƙafa, salansa ta manne mata a ƙwauri. Ƙarar da ta yi har yanzu ina jin ta. Da na ɗaga mashin fatar wurin ta biyo ƙarfen. Ta yi makonni ba ta taka ƙafar sosai, tabon kuma yana nan, faɗinshi kamar tafin hannunta.

Wannan ne ya sa na tashi tsaye. Na bi gida gida na ce mu daina jiran wani ya zo ya gina mamu, mu fara da aji biyu da ƙarfinmu, sannan mu nemi a ba mu malamai. Mutane suka amsa fiye da yadda na zata. Yawancin maƙwabtanmu ba ma'aikata ba ne. Leburori ne da 'yan kabu-kabu da masu ƙananan sana'o'i, waɗanda suka baro ƙauyukansu don neman kwanciyar hankali, kuma da yawa 'ya'yansu ba sa zuwa ko'ina. Aka kafa kwamiti. Da aka zo zaɓen shugaba ni na ɗaga hannu na ce a ba abokina, shi ya san magada, shi ya san harkar gini. Kowa ya ce ya yi.

Mai hali ya kawo siminti, marar hali ya kawo ƙarfinshi. Duk Asabar muna filin muna buga bulo. Ni da ban taɓa riƙe shebur ba sai da hannuna ya yi kanta. Mata na aiko da abinci, yara na ba bulo ruwa da butoci. Akwai wani maƙwabcina ɗan kabu-kabu mai 'ya'ya mata biyar, yakan ajiye mashin ɗinshi ranar da ta fi kowace ciniki ya zo ya kwaɓa siminti har Azahar. Ya taɓa ce mani, "Malam, ni ban yi karatu ba. In ɗiyan nan suka shiga aji a nan, ko ranar na mutu ban yi asara ba." Bulo ya taru a gindin tsamiya, layi layi, ana hango shi daga ƙofar gidana.

Sai abokina ya ce a dakata. Wai akwai wani mai hali da ya nuna sha'awar wurin, kada mu yi gaggawar tayar da ƙaramin gini mu ɓata babban tsari. Muka ji daɗi. Wata ya wuce, wani ya bi shi. In na tambaye shi sai ya ce, "Ana magana, mutumina. Manyan mutane ba a matsa masu."

Wata safiya muka ji rurin tifa. Ta juye yashi a filin, wata ta juye tsakuwa, ga leburori da diga an ja igiya ana haƙa harsashi. Unguwa ta ɗauka. Matata ta rangaɗa guɗa a tsakar gida, abin da ban ji ta yi ba tun bikin ƙanwarta. Ta ɗora babbar tukunya ta dama kunun tsamiya, ta sa aka kai ma masu haƙa, ta ce a ce masu Allah Ya yi albarka. Ta yi haka washegari, ta yi wanshekare. Suka sha, suka maido bokiti da godiya. Ba wanda ya ce mata komai.

Da gini ya fara tasowa na tsaya wata yamma ina kallo, sai na lura da wani abu. Ɗakunan ƙanana ne, a jere, duk sun juya ma unguwa baya sun fuskanci hanya. Ba gurbin taga ko ɗaya. Ƙofofin kuwa faɗinsu ya kusa faɗin ɗakin. Na ce ma magini, "Malam, wane irin aji ne wannan?"

Ya dube ni da mamaki. "Aji? Shaguna ne, ranka ya daɗe."

Ban san lokacin da na fara ɗaga murya ba. Mutane suka taru. Ana cikin hayaniya wata mota ta tsaya, wani Alhaji da ban taɓa gani ba ya fito, fari tas da shi, da carbi a hannu. Bai yi fushi ba, wannan ma ya ƙara ƙona mani rai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ni ban ƙwaci filin kowa ba. Saye na yi a hannun magada, da shaidu. Kuma ai shugabanku ne ya kawo ni. Shi ya ce mani jama'ar unguwa sun amince. Har bulon can da shi aka yi mani ciniki."

Na juya na dubi gindin tsamiya. Rabin bulon babu. Yana cikin bangon da nake tsaye a gabanshi.

Ban jira komai ba na nufi gidan abokina. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, yana shan rake. Ya ga fuskata ya ajiye wuƙar.

"Zauna mana, mutumina."

"Ba zama ya kawo ni ba. Kai ka kawo mai sayen filin makaranta?"

Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka dame shi da ƙaramar magana. "Ka tsaya ka fahimta. Magadan nan sun riga sun yanke za su sayar, da ni ko ba ni. In ban kawo mutumin kirki ba, wani zai zo ya dasa mamu gidan mai ko abin da ya fi shi muni. Wannan ya yi alkawarin rijiyar burtsatse. Kuma ka san abin da shagunan nan za su yi ma darajar fulotinka? Nan da 'yan shekaru sai ka gode mani."

Na ce, "Fulotin zan sa ma riga in tura makaranta? Ka ga ƙafar ɗiyata. Kai ka zo duba ta da lemu a leda. A lokacin ka san da maganar nan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Muna buga bulo kana tsaye kana ba da umarni. Ka san da ita?"

"Ba a kammala ba a lokacin."

"Me aka ba ka?"

Ya ɗaga kai. "Wannan wace irin magana ce tsakanina da kai?"

"Ita ce maganar da ta rage tsakanina da kai. Me aka ba ka?"

Ya kau da fuska ya ce shago ɗaya ne, na kusurwa, kuma ba kyauta ba ne, ragi aka yi mashi. Daidai nan motar makarantar kuɗi ta tsaya a ƙofar gidan, 'ya'yanshi suka sauko da fararen safa, suka durƙusa suka gaishe ni. Kullum nake ganin motar nan, amma ranar ce na fahimci abin da take nufi. A baya ya ce ma matata shi ma yana da yara. Gaskiya ya faɗa. Sai dai nashi ba su taɓa buƙatar filin nan ba.

Na ce, "Allah Ya isa tsakanina da kai." Ban taɓa gaya ma wani mahaluƙi wannan kalma ba, kuma ban janye ta ba.

Mun yi iya ƙoƙarinmu. Muka je wurin babban ɗan marigayin, wanda ya dafa ƙirji a gabana. Wannan karon ƙasa yake kallo. Ya ce, "Baba da baki ya faɗa. Mu kuma muna da yawa, kowa da lalurarshi. An fi ƙarfina." Muka je wurin mai unguwa, ya ba mu haƙuri, ya ce da ɗan gari akan ci gari. Wani ɗan'uwana lauya ya saurare ni ya ce wasiyyar baki ba ta tsayuwa sai da shaidun da za su tsaya mata, ga shi waɗanda suka ji ta da kunnensu su ne suka sayar.

Abin da ya fi ci mani rai ya zo daga baya. Aka haƙa rijiyar, ruwa ya fito, sai wutar mutane ta mutu. Waɗanda suka fi kowa ihu ranar farko suka koma cewa ai komai nufin Allah ne. Biyu daga cikin 'yan kwamiti suka kama haya a shagunan. In na tayar da maganar a masallaci sai a riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kamar ni ne na yi abin kunya. Wani dattijo har ya ja ni gefe ya ce, "Malam, riƙo ba kyau. Alhaji fa abokinka ne, ɗan'uwanka ne." Ba wanda ya ja Alhaji gefe. Maƙwabcina ɗan kabu-kabu ne kaɗai bai canza ba. Bai iya doguwar magana ba, amma har yau ba ya sauke fasinja a gaban shagunan nan, sai ya wuce su ko ya tsaya kafin ya kai. 'Ya'yanshi mata biyar suna nan a gida, manyan sun fara tallar awara.

Abokina ya aiko a maido mamu kuɗin simintin da muka bayar. Matata ta tsaya daga bayan ƙofa ta ce ma ɗan aiken, "Ka koma mashi da abinshi. Ka ce in biya yake son yi, ya biya ni kunun da na dama."

Na yi tunanin sayar da gidan. Amma in sayar in koma ina? Hayar cikin gari ta ƙara gudu, gonar matata kuma ba za ta dawo ba. Ga man fetur ya yi tashin da zirga-zirgar nan ta fi ƙarfin aljihuna. Da babbar ta shiga sakandare muka zauna ni da uwarta muka yi ta juya maganar, ba mafita sai ɗaya. Ita da ƙanenta na tsakiya su zauna wurin mahaifiyata a cikin gari, su riƙa zuwa mamu ran Juma'a su koma Lahadi. Autan kaɗai nake goyo yanzu. Mahaifiyata ta karɓe su hannu biyu, ba ta taɓa ƙorafi ba, duk da ƙafarta na ciwo kuma shekarunta sun wuce na tashin yara da asuba.

Ranar wata Lahadi muna zaune a tsakar gida bayan Azahar, matata na yi ma babbar kitso. Yarinyar ta ce, "Mama, ki yi sauri don Allah. Ban wanke kayan makaranta ba, ina so in koma gida da wuri."

Hannun matata ya tsaya a cikin gashin. Ta ce, "Ki koma ina?"

"Gida. Wurin Hajiya."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, ko lura ba ta yi ba. Matata ta ƙarasa kitson, ta shafa mata mai, ta ƙulle masu ɗan yaji da kuka a leda su kai ma kakarsu. Ni na tashi na fitar da mashin, na yi ta buga shi da ƙarfin da bai kamata ba har ya tashi. Na kai su, na gaida mahaifiyata, na juyo ni kaɗai. Da na dawo na tarar matata ta rufe ɗakin yaran, tana zaune a kan keken ɗinki, ba ta ɗinka komai.